Leburori Shida

Kawuna, yayan mahaifiyata, shekara arba'in da ɗaya ya yi yana sayar da jarida a kan teburi guda, a gefen gidan waya, inda titin tasha ya haɗu da titin kasuwa. Teburin ƙafa uku da rabi gare shi, bulo ne ya cike rabin. Da duwatsu huɗu yake danne jaridun saboda iska, kuma ko wani ya ɗauki ɗaya ya jefi kare sai Kawu ya bi sawu ya ɗauko abinsa, wai sun riga sun saba da aikin. Ba mai kiransa da sunansa. Gwamnati ake ce masa, tun daga 'yan dako har masu shaguna, domin daga bakinsa ake jin abin da gwamnati ta ce.

Jaridu biyu yake sayarwa. Akwai babbar, wadda muke kira jaridar ƙasa. Daga babban birni take zuwa a jirgin ƙasa, kullum da kwana ɗaya a baya, kuma da Turanci ake buga ta, harshen da masu mulki suka bar mana tare da layin dogo da takardar haraji. Sai kuma ƙaramar, jaridar gida, mai shafi huɗu, wadda ake bugawa da harshenmu mako-mako a bayan wani shagon sayar da littattafai. Babbar ce ke zama a saman teburi, ƙarƙashin duwatsun nan masu daraja. Ƙaramar kuwa a cikin kwali take, a ƙasa, sai ka tambaya. Masu sayenta ma rabinsu don ƙunshe ƙusa ne. Kada wani ya ce Turawa suka yi mana wannan. Sun tafi da daɗewa, da hannunmu muke sa ta a kwalin.

Da misalin ƙarfe tara na safe ake taruwa. Tela ya bar kekensa, mai gyaran agogo ya ɗaga gilashin idonsa zuwa goshi, 'yan dako su jingine amalanke, Baba Mai Aski ya tsallako titi da tawul a kafaɗa, wani lokaci ya bar mutum a kujera da rabin kai.

"Gwamnati, me kuka ce yau?"

"Ku yi haƙuri mu gama shawara," in ji Kawu.

Sai ya buɗe jaridar ƙasa ya karanta sakin layi guda a zuci, leɓɓansa na motsi, ya yi gyaran murya, sannan ya faɗa da harshenmu. Turancinsa na masinja ne, a ofishin Turawa ya tsinto shi yana saurayi, amma ya ishe shi. Tsakanin motsin leɓen nan da gyaran muryar akwai 'yan daƙiƙu, kuma a cikinsu ne Kawu ke aikinsa na gaskiya. Sai da na girma na zama malamar makaranta, ina cin abinci da Turancin nan ni ma, na zauna da tsofaffin jaridun ɗakinsa na gane girman abin da yake yi.

In jarida ta ce mutanen lunguna masu duhun kai sun ƙi fitowa rigakafi, Kawu sai ya ce, "An ce 'yan'uwanmu na nesa ba su samu labari da wuri ba." In ta kira garinmu wani ƙauye a can ciki, garin da ke da tashar jirgi da asibiti da gidan silima, sai ya ambaci sunan garin da ƙarfi kamar a rubuce yake. Taswirar hasashen yanayi ba ta taɓa ɗauke da mu ba, don haka sai ya ɗaga kai ya dubi sama ya ce gwamnati na sa ran ruwa da yamma. Abin dariya, ya fi jaridar dacewa. Mutane su watse suna cewa lallai ana tunawa da mu a can.

Na taɓa tambayarsa dalili. Uwata yake ce mini, saboda sunan mahaifiyarsa na ci.

"Uwata, in baƙo ya zage ki da harshen da ba kya ji, wa ya zage ki? Tafinta ne. Ni kuwa ba zan zagi mutane da sassafe ba. Ƙasar nan yarinya ce, ba ta san me take faɗa ba tukuna. In ta girma za ta gyara bakinta."

Shi kaɗai yake zaune. Matarsa ta rasu shekara uku da aurensu, ba su samu haihuwa ba, bai kuma sake aure ba duk da surutun mahaifiyata. Ɗaki ɗaya gare shi a bayan shagon tela: gado na ƙarfe, buta, rediyo mai ɗaure da roba, sai jaridun da ba su sayu ba jere har kusa da rufi. Dangi yana da su, masu gaisuwa kuwa ba a magana, amma aboki guda ɗaya ne, Baba Mai Aski. Kowace yamma in sun tashi aiki sai su baje dara a kan benci a ƙofar shagon askin, su yi ta cacar baki har duhu ya fara. Mai Aski ya ce gwamnati ba ta iya komai ba sai cin zali, Kawu ya ce talaka ba ya rabo da ƙorafi. Shekara da shekaru wasan bai canza ba, kuma bai gundure su ba.

Mai Aski yana da 'ya'ya biyar. Na ƙarshen Auta kowa ke ce masa, dogo ne mai yawan dariya, ya ƙi aska ƙememe. Lokacin da aka fara gina babbar gada a kan kogin da ya raba ƙasar biyu, jarida ta yi wata da watanni tana kiranta gadar haɗin kai, Kawu kuma ya karanta wannan ba tare da ya canza ko kalma ba, don shi ma abin ya burge shi. Auta na tsaye a bayan taro yana saurare. Ranar da motar ɗaukar ma'aikata ta zo, ya hau. Shekararsa ashirin da biyu.

Bayan wata bakwai wani direban babbar mota ya kawo labari. Katakan da ma'aikata ke tsayawa a kai sun karye a tsakiyar kogi, ruwa kuma ya cika. Auta na cikin waɗanda suka faɗa. Ba a ga gawarsa ba. Aka yi zaman makoki ba tare da an kai kowa makwanci ba, kuma duk wanda ya taɓa irin wannan zama ya san yadda yake, mutane na ta satar kallon ƙofa.

Kwana huɗu bayan haka jaridar ta iso. Kawu ya kwance ƙunshin ya ga hoton gadar a shafin farko, gefensa hoton injiniya a gadon asibiti da ƙafa a naɗe. An rubuta cikakken sunan injiniyan, da makarantun da ya yi a waje, da abin da matarsa ta ce, da manyan da suka je duba shi. A layin ƙarshe, can ƙasa, aka ce leburori shida su ma sun rasa rayukansu. Iyakar abin ke nan.

Ya so ya ɓoye jaridar, amma ina, taro ya riga ya haɗu, ya fi na kullum. Sai ga Mai Aski ya tsallako titi, karo na farko da ya fito tun rasuwar, ba tawul a kafaɗa. Aka buɗa masa hanya. Bai yi wasan da ya saba ba.

"Gwamnati," ya ce a hankali, "sun faɗi yarona?"

Kawu ya sunkuyar da kai kan takardar. Waɗanda suke wurin sun ce leɓɓansa sun daɗe suna motsi fiye da kullum. Ya yi gyaran murya. Ya karanta labarin injiniyan a gurguje, sannan ya ce: "Ƙasa baki ɗaya tana juyayin 'ya'yanta shida da suka ba da ransu wajen haɗa ta. Daga cikinsu akwai..." Sai ya faɗi sunan Auta na yanka, haɗe da na ubansa, da sunan garinmu. Ya ƙara da cewa an san shi da ƙwazo da fara'a.

Mai Aski ya durƙusa a gefen teburin ya yi kukan da bai yi ba ranar da direba ya zo. Da ya tashi ya ce, "Nuna min. Nuna min inda sunan yake."

Kawu ya ɗora yatsa a kan layin ƙarshe, daidai kan kalmar da ke nufin leburori.

A ranar Mai Aski ya kai shafin wurin kafinta aka yi masa firam da gilashi. Ya rataye shi a saman madubin shagonsa. Kowace safiya in ya buɗe shago sai ya miƙa hannu ya taɓa wurin da babban yatsa, har gilashin ya yi dusu-dusu a daidai nan, ko an goge sai ya dawo. Duk baƙon da ya zauna a kujera sai an ba shi labari. "Ka ga wannan? Jaridar ƙasa ce, ba ta nan ba. Sunan ɗana ne a ciki, da nawa." Wanda bai iya karatu ba ya jinjina kai. Wanda ya iya ya ɗaga ido ta madubi, ya nema, ya sake nema, sannan ya dubi tsohon da ke riƙe da aska a gefen wuyansa yana murmushi, ya ce, "Allah Ya jiƙansa." Haka masu karatun garinmu suka riƙa shiga ƙaryar Kawu ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya gayyace su.

An ce ramin ƙarya ƙurarre ne. Wannan kam ya yi zurfi, sai dai mai haƙarsa ne ya zauna a ciki. Duk shekara in ranar ta zagayo, Mai Aski zai sauko da firam ɗin ya kira Kawu ya karanta. Ya haddace jimlolin tsaf, don haka dole Kawu ya haddace su shi ma, ranar da ya ce "hazaƙa" a maimakon "ƙwazo" sai da Mai Aski ya ce, "Gwamnati, tsufa ya fara taɓa idon nan fa." Akwai kuma abin da ya fi wannan. Mai Aski bai iya karatu ba, amma idonsa na aska ne, ba ya manta siffa. Wata safiya ya leƙa jaridar da ke kan teburi, labarin wata mahaƙar ma'adinai ne da ta rufta, ya sa yatsa ya ce, "Ga sunan Auta nan kuma!"

Kawu ya ce, "Takwaransa ne."

"Allah Sarki. Shi ma ya rasu?"

"Shi ma."

Bayan wasu watanni ya sake ganinsa, a labarin wani gini da ya faɗi. Ya girgiza kai ya ce ashe masu sunan nan ba sa yin tsawon rai. Tun daga ranar Kawu ya riƙa duba jarida kafin taro, in kalmar tana shafin farko sai ya naɗe ta ciki.

Daga nan dara ta fara ja baya. Yau Kawu ya ce kansa na ciwo, gobe ya ce yana da lissafin jaridun da za a mayar. Gaskiyar ita ce daga kan bencin nan ana hango firam ɗin ta ƙofa. Mai Aski ya yi ƙorafi, ya yi zolaya, ya ce gwamnati ta saba guje wa talaka, daga baya ya samu wani abokin wasa. Kawu kuwa in ya tattara teburinsa sai ya wuce ɗaki ya kunna rediyo, rana ba ta ko faɗi ba. Mutumin da ya fi ƙauna yana tsallaken titi, taku talatin, amma ba ya iya zama da shi na awa guda.

Ina da shekara goma sha biyar na gano maganar firam ɗin. Mahaifiyata ta aike ni shagon da saƙo, Baba Mai Aski ya ga kayan makaranta a jikina ya yi murna.

"'Yar boko! Zo ki karanta min, in ji da muryar yara."

Ya sauko da firam ɗin. Na karanta a zuci har ƙasa, na koma sama, na sake saukowa. Na ga inda gilashin ya dushe, na ga kalmar da ke ƙarƙashinsa. Na ce, "Baba, ba mu kai irin wannan Turancin ba tukuna." Ya yi dariya ya ce in ƙara himma. Na fita da gudu har ɗakin Kawu, na same shi yana ɗaure jaridu da igiya.

"Kawu, babu sunan!"

Bai ɗago ba. "Rufe ƙofar, Uwata."

"Ƙarya ka yi masa. Shekara nawa yana shafa kalmar banza!"

"Na sani."

"To ka gaya masa mana."

Ya ƙulla igiyar, ya zauna a bakin gado. "Ba kabari, ba gawa, ko takalminsa ba a kawo ba. Takardar nan ita ce kabarin. In je in tone? Kuma ni na karanta musu gadar haɗin kai, yaron na tsaye yana ji. Wannan kam ban canza komai ba."

Na yi fushi da shi kusan shekara guda. Har yanzu in na tuna ina jin fushin, sai dai ya daɗe da barin kan Kawu. Jarida mai shafi goma sha shida, da wurin tallar sabulu da sakamakon ƙwallo, ta rasa layi biyu na sunayen mutum shida da suka mutu suna gina abin da take ta kirari a kai.

Kawu bai zauna haka kawai ba. Ya rubuta wa jaridar ƙasa wasiƙa yana roƙon a buga sunayen, da Turancinsa na masinja, cike da ban-girma. Ya rubuta sau goma sha ɗaya cikin shekara tara. Kowace safiya shafin wasiƙu yake fara buɗewa. Ba a buga ko ɗaya ba, ba a kuma ba shi amsa ba. Ƙasar dai ba ta gyara bakin nata ba.

Shekaru suka tura. Rediyo ya yawaita, yara suka yi karatu, daga baya waya ta shigo hannun kowa. Taron ƙarfe tara ya koma mutum biyar, ya koma biyu, ya koma mai gyaran agogo shi kaɗai, shi ma kunnensa ya yi nauyi. Kawu na karantawa dai, yana motsa leɓe yana gyaran murya, yana tausasa wa iska magana. A lokacin ne ya ɗauki wata shawara. Ya riƙa rufe teburi ranar hutu yana hawa mota, yana bin tsofaffin direbobi da waɗanda suka taɓa aikin gadar, yana tambayar sauran biyar ɗin. Shekara uku yana yi. Ya samo sunaye huɗu da garuruwansu, ya haɗa da na Auta biyar. Na shidan ba wanda ya san sunansa, an dai ce gajere ne mai yawan waƙa.

Ni na raka shi wurin editan jaridar gida. Ɗaki ne mai warin tawada, injin bugu ya cinye rabinsa, editan kuma wani siririn dattijo ne da yatsu baƙaƙe. Ya dubi Kawu ta saman tabarau.

"Yau Gwamnati da kanta a ofishinmu? Ai na ɗauka mu 'yan kwali ne."

Kawu ya haɗiye wannan, don ya san ya ci bashinta. Ya miƙa takardar. Editan ya karanta, ya cire tabarau, bai ƙara zolaya ba. A makon aka buga a shafin farko, da harshenmu, sunaye biyar da manyan baƙaƙe, kowanne da na ubansa da garinsa, a ƙasa kuma aka rubuta: da wani gajere mai yawan waƙa, wanda muke neman mai saninsa.

Ban taɓa ganin Kawu da farin ciki irin na safiyar nan ba. Ya sa rigarsa mai kyau, ya ɗora jaridar gida a saman teburi ƙarƙashin duwatsun, ya ɗauki ɗaya ya tsallaka titi. Na bi shi. Shirinsa shi ne in Mai Aski ya karɓi wannan, ya rataye ta, to ko gaskiya ta fito wata rana akwai inda zai dafa. Ya tsaya a tsakiyar shago ya karanta kai tsaye, ba motsin leɓe, ba gyaran murya, karo na farko a rayuwarsa.

Mai Aski ya saurara har ƙarshe. Ya ce, "Madalla. Allah Ya yi musu albarka, sun kyauta." Ya karɓi jaridar ya juya ta. "Amma ka san wannan tamu ce, mu muka rubuta kanmu. Ko akuyarka ta ɓata sai su buga." Ya ɗaga kai ya dubi firam ɗin. "Waccan kuwa ƙasa ce ta rubuta."

Ya ninke ta ya ajiye a kan tarin takardun da yake goge aska da su. Ba da wulaƙanci ya yi ba, nan ne dai wurin ajiye takarda a shagon. Kawu ya ce to bari ya koma bakin aiki. Muna tsallaka titi na kama hannunsa, bai hana ni ba.

Bayan shekara biyu idon Kawu ya yi yana, ya bar teburin. Ni ke kai masa abinci in na taso daga makaranta, in same shi zaune a bakin gado yana fuskantar ƙofa. Wata ranar Laraba da azahar babban ɗan Mai Aski ya zo ya ce jikin Baba ya yi tsanani, yana neman Gwamnati. A hanya Kawu ya riƙe kafaɗata ya ce, "Yau zan faɗa masa, Uwata. Ba zan bari ya tafi ban nemi gafararsa ba."

Mun same shi kwance ya rame, firam ɗin jingine da bango kusa da kansa. 'Ya'yansa da jikoki suna zaune, kusan dukansu sun yi makaranta.

"Gwamnati, sai an aiko ake ganinku."

"Aiki ne ya yi mana yawa." Kawu ya zauna a bakin katifa. "Mutumina, akwai maganar da zan faɗa maka."

"Karanta min tukuna."

Aka miƙa wa Kawu firam ɗin. Ba ya ganin komai a jiki, kowa ya sani, amma ya riƙe shi a gaban fuskarsa, ya motsa leɓe, ya yi gyaran murya. Ƙasa baki ɗaya tana juyayin 'ya'yanta shida. Ya faɗi sunan, da na uban, da garin, da ƙwazo da fara'a. Ba wanda ya ɗaga kai a ɗakin.

Mai Aski ya lumshe ido. "To, me za ka ce?"

Kawu ya buɗe baki. Na ga maganar ta zo har maƙogwaro.

"Ka yafe min," ya ce.

"Me ka yi min? Kai da ka kawo min yarona gida." Ya laluba ya kama hannun Kawu. "Na yafe, wanda na sani da wanda ban sani ba. Kai ma ka yafe min dara, na sha sace maka 'ya'ya in ka juya."

Washegari da hantsi Mai Aski ya cika.

Bayan kwana bakwai babban ɗan ya zo ɗakin Kawu da firam ɗin naɗe a tawul. Ina nan. Ya durƙusa ya ajiye a kan gado ya ce, "Baba ya bar wasiyya a ba ka. Ya ce kai kaɗai ne idonka ke ganin yaron a ciki." Ya yi sallama ya tafi.

Kawu ya shafa gilashin har yatsansa ya tsaya a inda ya dushe. Rediyo a kashe yake, ana jin keken tela ta bango.

"Uwata, kina ganin ya sani?"

"Ban sani ba, Kawu."

"Tun yaushe, in ya sani?"

Ya miƙo min firam ɗin.

"Karanta min layin ƙarshe. Yadda suka rubuta. Shekara talatin da ɗaya ban taɓa jin sa da kunnena ba."

Na fassara masa yadda yake. "Leburori shida su ma sun rasa rayukansu."

Ya jira, kamar akwai saura. "Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Ashe gajere ne haka."

Ya ɗora hannuwansa a kan gwiwa, tarin jaridun shekara arba'in a bayansa har rufi. Na ɗauka ya gama, na fara naɗe firam ɗin a tawul. Sai ya taɓa hannuna.

"Sake karantawa, Uwata. Wannan karon ki sa yaron."

Na buɗe tawul ɗin. Na dubi layin, na yi gyaran murya, na sa shi.